Motar Gudu Zalla Ko GT Mai Daɗin Zama: Wacce Ta Dace da Mazaunin Zariya?

Wani ɗan'uwa mazaunin Hanwa ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da motar gida wadda iyali ke hawa. Kasuwancinsa na kai shi Kano da Kaduna kusan kowane mako, wani lokaci har Abuja. Ya daɗe yana tara kuɗi don ya mallaki irin motar da ransa ke so tun yana yaro, yanzu kuɗin sun kai, sai zuciya ta rabu biyu. Gefe guda ga ƙaramar motar gudu zalla mai giyar hannu, irin su Toyota 86 ko tsohuwar Porsche Cayman. Ɗaya gefen ga manyan masu ƙofa biyu na doguwar tafiya, waɗanda ake kira GT, irin su BMW 650i ko Mercedes E350 mai ƙofa biyu. Wacce zai saya?

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Ba zan ja ka da nisa ba: da irin zirga-zirgar da ka zayyana, GT ce motarka. Sai dai cikin biyun da ka ambata ɗaya ce kawai zan yarda ka kai kuɗinka gare ta, kuma akwai ta uku da ba ka kawo ba wadda na fi so maka. Bari in bi da kai dalilan, domin idan ka gane su, ko dillali ya kawo maka wata motar da ban ambata ba, kai da kanka za ka iya auna ta.

Mu fara da abin da ake nufi da motar gudu zalla, don mutane da yawa suna ɗauka ƙarfin inji ne. Ba shi ba ne. Rashin nauyi ne. Lotus Elise ta farko da ta fito a Ingila a 1996 nauyinta kusan kilo 725 ne kacal, injinta kuma ƙarfin doki 118, wanda bai kai na Corolla ta yanzu ba. Amma duk wanda ya taɓa tuƙa ta ba ya mantawa. Sitiyarinta babu abin da ke taimaka masa, hannunka ne da tayoyin gaba kai tsaye, duk tsakuwar da taya ta taka sai ka ji ta a tafin hannu. Mazda MX-5 da ta fara fitowa a 1989 da wannan tunanin aka ƙera ta, har yau nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Toyota 86 ɗin da kake so, wadda Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar a 2012, nauyinta wajen kilo 1,250 ne, inji lita 2 mai silinda huɗu a kwance, ƙarfin doki kusan 200, tayoyin baya ke tura ta. Idan daga Amurka za a kawo maka ita, ka lura cewa waɗanda suka fito kafin samfurin 2017 da sunan Scion FR-S aka sayar da su can, mota ɗaya ce.

Duk abin da ke sa zama cikin mota ya yi daɗi nauyi gare shi: audugar da ake cusawa a jikin bodi don tare ƙara, gilashi mai kauri, kujera mai laushi da injinan motsa ta, ƙafa mai taushi. Maƙeran motar gudu suna zubar da waɗannan da gangan. Abin da suke ba ka a madadinsu shi ne mota mai amsa maka nan take. Ka shiga kwana, ka taɓa birki, hancinta ya nutsa, ka juya sitiyari ta bi ba gardama, ka ji bayanta na neman zamewa tun kafin ya zame, ka gyara da totur. Ina son motocin nan so na gaske, kuma ban ga laifin duk wanda zuciyarsa ta kamu da su ba.

To amma ina wannan daɗin yake zaune? A kwana yake. Kwana bayan kwana, a kan kwalta mai santsi, inda kake hango abin da ke gabanka kuma babu mai tsallakawa. Yanzu ka rufe ido ka bi hanyarka ta Kano: ka bar Kwangila, ka wuce Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Ciromawa, Kura. Kusan kilomita 150 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, titi a miƙe. Ta Kaduna ma haka, kimanin kilomita 80 ta Jaji da Mararrabar Jos. A irin wannan hanya babu abin da sitiyari mai magana zai gaya maka in ban da inda aka yi wa kwalta faci. Kamar takalmin ƙwallo ne mai ƙusoshi: a fili mai ciyawa babu kamarsa, amma ka sa shi ka taka daga PZ zuwa Samaru ka ji yadda ƙafarka za ta yi. Hanyoyin da ke da hawa da lanƙwasa na kusa da mu sai ka nufi wajen Jos, su kuma cike suke da tireloli da tankoki, ga hannu biyu a kwalta ɗaya. Filin tseren mota mai kwalta kuwa ba mu da shi a Zariya. Wato za ka biya cikakken farashin wahalar motar kullum, daɗinta kuma sai jefi-jefi.

Wahalar ba ƙarama ba ce, kuma a minti biyar na gwaji ba ta bayyana. A giya ta shida, kana tafiyar kilomita 110 a awa, injin 86 yana juyi kusan 3,000 a minti, ƙararsa da ta taya da ta iska duk suna shigo maka. GT mai giya bakwai ko takwas a gudun 100 injinta bai kai juyi 2,000 ba, kana iya sauraren karatu a hankali ko ka yi magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba. Ƙara tana gajiyar da mutum fiye da yadda ake zato. Wanda ya yi awa biyu cikin rugugi da jijjiga yana isa Kantin Kwari kansa na sarawa, alhali ciniki ya je yi, kuma da yamma zai sake biyo hanyar. Ka haɗa da zafin watan Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke kusantar digiri 40, a ƙaramar mota mai siririn rufi. A Cayman injin ma a bayan kujerarka yake, tsakaninku murfi ne da kafet. Sannan kulocin da ke faranta rai a buɗaɗɗiyar hanya shi ne zai ƙona maka gwiwar hagu a cunkoson Kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada da yamma, kana taka shi kana saki tsakanin keke da 'yan acaɓa.

Akwai kuma maganar wuce babbar mota. Injin 86 ba shi da ƙarfin ja a ƙasa, wajen 205 ne a ma'aunin Nm, kuma sai ka kai shi can sama yake bayarwa. V6 mai lita 3.5 yana ba da kusan 370 tun bai yi nisa ba. Idan kana bayan tirela a hanyar Funtuwa inda ake gaba da gaba da masu tahowa, a 86 sai ka sauko giya biyu ko uku kafin ka fita. A GT taka totur kawai za ka yi. Zariya ma tana sama da teku da fiye da mita 600, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta tsawo, saboda iska na raguwa. Babban inji bai cika jin wannan ragin ba, ƙarami yana ji.

GT kuwa don irin tafiyarka aka ƙirƙiro ta. Tun daga Lancia Aurelia B20 ta 1951, wadda masana da yawa ke lissafawa a matsayin ta farko, manufar ɗaya ce: mutum biyu da kayansu su tashi daga wata ƙasar Turai da safe su kwana a wata, da sauri, su sauka ba a gajiye ba. Doguwar mota, inji babba a gaba, tanki babba, but mai ɗaukar akwati. Kada dai haruffan da aka manna a bayan mota su ruɗe ka, domin Porsche 911 GT3 tana cikin mafiya tsauri a motocin gudu zalla, ita ma 86 a Turai GT86 ake ce mata. Nauyi da ƙafa da kujera za ka duba.

Kafin ka ce na gama yabon GT, tsaya, domin a nan ne mutanenmu suka fi ƙonewa.

Na farko, kada ka ɗauka ta tsira daga gargadar hanyoyinmu. Tsakanin cikin 86 da ƙasa kusan santimita 13 ne, yawancin GT kuma ba su fi haka da wani abin kirki ba. Camry ta fi su da santimita biyu zuwa uku. GT ma tana da wata matsalar ta daban: tazarar tayar gaba da ta baya ta fi tsawo, don haka idan ta hau tudun rage gudu irin wanda 'yan unguwa ke ginawa da siminti, tayoyin gaba na sauka sai tsakiyar cikinta ya zauna a kai. Idan irin waɗannan motoci suka hau rami a gareji, kusan abu ɗaya nake gani: robar da ke rufe ƙasan inji ta yage an ɗaure ta da waya, bututun salansa ya lotse ya yi fari inda siminti ya goge shi, leɓen bamba na ƙasa ya tsage. Dabarar ita ce ka riƙa hawa tudun a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai. Lungunan cikin Birni a watan Agusta, lokacin da ruwa ya ɓoye ramuka, ka bar wa motar gida. Wannan hukuncin ya hau kan nau'in biyu duka.

Na biyu, taya. A nan zan ɗan daɗe, don ita ce ke cin kuɗin masu irin motocin nan a ɓoye. Lambobin da ke jikin taya suna gaya maka kaurin robar da ke tsakanin rim da kwalta. Tayar Corolla mai lamba 195/65 kaurin gefenta kashi 65 cikin 100 na milimita 195 ne, wato kusan milimita 127. Ta 86, mai lamba 215/45 a rim 17, kusan 97. BMW 650i mai rim 20 tana iya zuwa da 275/30 a baya, wato milimita 82 kacal. Wannan 'yar robar ita ce ke shanye dukan bakin rami kafin ya kai ga ƙarfe. Idan ta gaza, ko dai gefen tayar ya kumbura ya yi ƙulli, wanda babu mai facin da zai iya gyara shi, ko leɓen rim na ciki ya lanƙwashe inda ido ba ya gani, taya ta riƙa sacewa a hankali, sitiyari na rawa a gudun 100. Da yawan BMW kuma suna zuwa da irin tayar da ake iya ci gaba da tafiya da ita ko ta sace, saboda haka babu safaya a but. Gefen irin wannan tayar tauri gare shi, tana ƙara jijjiga, ga tsada, kuma ba za ka same ta a bakin hanya a Ciromawa ba. Duk GT ɗin da za ka saya, ka nemi mai rim mafi ƙanƙanta da kamfani ya yarda da shi, 17 ko 18, ko da mai 20 ta fi ɗaukar ido. Ka kuma samar mata safaya da jak.

Na uku, kuma mafi girma: yadda aka samar da laushin. Akwai hanya biyu. Wasu motocin sifirin na ƙarfe ne da shokazoba masu kyau, kamar kowace mota, an dai gyara su da ƙwarewa. Wasu kuma balan-balan na iska ne da famfo da sensa, ko mai da ake matsawa da ƙarfi. Tsarin ABC da Mercedes ta sa wa yawancin CL da kuma SL na shekarun 2000 yana aiki da mai a matsin kusan 200 a ma'aunin bar. Ranar da yake lafiya babu abin da ya kai shi daɗi, ranar da tiyo ɗaya ya fashe mota ta zauna a ƙasa, sai an ɗauke ta. Ƙafar iska kuma roba ce, zafi da ƙurar hunturu suna tsofar da ita, sai ka fito da safe ka tarar da kusurwa ɗaya ta kwanta a kan taya. Bentley Continental GT da ta fito a 2003, mai silinda 12 da turbo biyu, nauyinta ya haura kilo 2,300. Ka yi tunanin abin da wannan nauyin ke yi wa birki da taya da ƙafa a hanyarmu. Tsofaffin irin waɗannan suna yin araha a kasuwa har mutum ya yi mamaki, dalili kuwa shi ne farashin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa.

Shi ya sa 650i ba ta cikin shawarata. Mota ce kyakkyawa, ba na musu. Amma injinta na samfurin 2012 zuwa sama, V8 mai lita 4.4 da ake kira N63, an dasa turbo biyunsa ne a cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda, wurin da ya fi ko'ina zafi. An san shi a duniya da shan baƙin mai da gasa robobi da tiyo da ke kewaye da shi, a ƙasashe masu sanyi ma, balle a Zariya a watan Afrilu cikin cunkoso. Idan lallai siffar BMW ɗin ce ta shiga ranka, ka nemi 640i mai silinda shida a jere da turbo ɗaya. Bodi ɗaya ne, ƙarfin doki sama da 300, kuma bakanike yana samun wurin sa hannu.

E350 mai ƙofa biyu, wadda ta fara fitowa a 2009, ita ce na ce na yarda da ita. Sifirin ɗinta na ƙarfe ne, V6 ne mai lita 3.5 ba turbo, kuma dangin injin da giyarta suna cikin C da E da GLK da ML da suka cika titunanmu. Ma'ana, abin da ya lalace za a same shi a Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a yini ɗaya, kuma akwai masu gyaran Marsandi da suka san ta ciki da bai. Ta ukun da na fi so maka ita ce Lexus RC350, wadda ta fara fitowa a 2014. Tayoyin baya ke tura ta, ƙarfin doki sama da 300, injinta daga gidan 2GR yake, dangin V6 ɗin da ke cikin Camry da ES350 da RX350 da Highlander, duk da nata tsarin feshin mai ya ɗan bambanta. Ba ta kai BMW armashi a kwana ba, kujerun bayanta kuma na yara ne. Amma mota ce da za ka tayar da asuba ka nufi Abuja ba tare da ka yi tunaninta ba, kuma ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aljihun ya kai, LC500 ta 2017 zuwa sama, V8 lita 5 ba turbo, ƙarfin doki 471, ita ce GT ɗin da na fi amincewa da ita a yanayinmu, illa dai manyan rim ɗinta na 20 da 21 da za su sa ka riƙa lallaɓa ta.

Cayman fa? A tuƙi ta fi duk waɗanda na lissafa, wannan babu ja. Amma injinta a tsakiya yake, yawancin aiki ta ƙasa ake yinsa ko ta bayan kujera, lagiretocinta suna kusurwoyin bamban gaba inda suke tara leda da ganye da ƙura, kuma injinan da aka yi kafin samfurin 2009 suna da sanannun raunuka a ciki waɗanda idan suka taso sai an sauke inji gaba ɗaya. Ka tambayi kanka wa zai buɗe maka shi, a ina, kuma wata nawa za ta yi a ajiye ana jiran kaya daga waje.

Sai fetur, wanda ya shafi duka biyun. Akwai wani ruɗani da ya kamata ka sani. Idan ka buɗe murfin tankin motar Amurka ka ga an rubuta 91 ko 93, ba ma'auninmu ba ne. Nasu 91 zuwa 93 daidai yake da 95 zuwa 98 a ma'aunin RON da mu da Turai ke amfani da shi. Fetur ɗin gidajen manmu galibi wajen RON 91 yake, wanda ya yi daidai da mafi ƙanƙantar daraja a Amurka. Injin 86 yana matse iska da mai har ninki 12.5, shi ya sa yake son mai mai daraja. Idan bai samu ba, man yakan kama da wuta kafin lokacinsa. Sensa na ji, kwamfutar inji ta ja da baya don ta kare shi, ƙarfi ya ragu. Injin da ake tafiya da shi a hankali yana jure wannan shekara da shekaru. Wanda ake kai wa ƙarshen juyinsa a tsakiyar rana, ko mai turbo da ake matsa wa, shi ne ke shan wahala. Ka ga ke nan motar da daɗinta sai an kai ta sama ita ce man namu ya fi tauyewa. Ka tsaya wa gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, na galan a bakin titi kuwa kada ya shiga tankinka ko da wasa. Ta fuskar sha, 86 ta fi sauƙi: a gwajin Amurka kusan lita 8 take sha a kilomita 100 na babban titi, RC350 ta ɗara haka kaɗan, 650i kuwa wajen 10 a titi, cikin gari ta kai 15. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ne da mai zuwa Kano kowane mako ba zai tsallake ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan damuna, kuma ina roƙonka ka riƙe shi. Ƙaramar motar gudu tana gaya maka gaskiyar gudunka. A 100 za ka ji kana gudu. GT ɓoye shi take yi. Shiru, ba jijjiga, sanyi na busawa, sai ka duba allo ka ga 160 ba ka sani ba. A gudun 100 kana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, a 160 kuwa mita 44, kuma nisan da birki ke buƙata ya ninka fiye da sau biyu da rabi, domin ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, da ninkin gudu a kansa yake tafiya. Titin Kano tun da aka sabunta shi yana kiran ƙafa, amma bai daina ratsa garuruwa ba: yaro mai talla zai tsallaka, shanu za su ratsa, mai babur zai biyo hannunka, tirela za ta lalace a tsaya ba alama sai ganye. Dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 100 a awa a babban titi irin wannan. Ka saita na'urar riƙe gudu a nan ka sauke ƙafarka. Wasan mota da samari ke yi a titi ranar biki kuwa, mun ga gidajen da ya sa kuka, kai ba yaro ba ne balle in tsaya ja maka kunne a kai.

Kada kuma ka raina zaman jama'a. Ranar Juma'a ko ɗaurin aure za ka saka babbar riga da hula. A 86 kana zaune ne dab da ƙasa, hular na gogar rufi, fita kuma sai ka dafa ƙofa ka tattare riga a gaban mutane. Idan Hajiya ta ce ka kai ta Shika ganin likita ranar da motar gida ta fita, yaya za ta shiga? A GT ma sai an sunkuya, amma ƙofar doguwa ce, kujerar ta fi tudu, ana iya ja da ita baya dattijo ya zauna da mutuncinsa.

Ranar da za ka je gani, kada ka yarda da zagaye ɗaya a layin dillali. Ka ce a bar maka motar ta kwana ba a tayar ba, ka zo da safe ka duba ko tsayuwarta daidai take a kusurwa huɗu, ka tayar da ita da sanyinta kana sauraro, wani ya tsaya a baya ya ga kalar hayaƙi. Ka sa kayan da ka saba sawa. Ka shiga cunkoso da rana tsaka da sanyi a kunne, idonka na kan allurar zafi, ka hau tudun rage gudu biyu ko uku, sannan ka fita babban titi ka yi aƙalla awa guda. Bayanka da kunnenka za su ba ka amsar da ta fi tawa. Daga nan a hau rami da ita, a juya kowane rim ana duba cikinsa, a tabbatar ba a cire indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, ba, a sa kwamfuta a karanta dukkan sassanta, ba inji kaɗai ba. Ka biya a binciko tarihinta da lambar shasi, domin da yawan masu ƙofa biyu da ke shigowa daga gwanjon Amurka masu haɗari ne ko waɗanda ambaliya ta ci. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarafan ƙarƙashin kujera. Mai sitiyari a dama kada ka kula ta komai arharta, tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama kuma doka ba ta yarda da ita ba. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a sayen. Ka ware wani kaso mai kauri don tayoyi huɗu sababbi, da canjin duk wani mai da ruwa da ke jikinta, da abin da zai ɓullo a watannin farko, don sai ya ɓullo.

Idan kuma ka yi wannan gwajin ka sauko daga 86 kana murmushi, ka ji duk abin da na faɗa bai rage maka komai ba, to ka saye ta, ba Cayman ba, da sharaɗin motar gida ce za ta ci gaba da zuwa Kano. Ƙarancin ƙarfinta ma alheri ne, don za ka ji daɗinta a gudun da bai kai na halaka ba. Ka bar ta yadda kamfani ya yi ta: kada a rage mata tsawo, kada a ƙara girman rim, kada a yanke salansa. A sa mata farantin ƙarfe a ƙasan inji. Baƙin mai mai lamba 0W-20 littafinta ya ce, ka bi shi, ka kuma riƙa canzawa kafin lokacin da aka rubuta saboda ƙura, kana zare sandar awo kana dubawa duk mako. Matatar iska a lokacin hunturu a riƙa buɗe ta duk wata. Duk bakaniken da ya ce zai cire mata tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ko ya zuba ruwan rijiya a lagireto, ka karɓi makullinka ka nemi wani.